Gurbin Karatu da Gurbin Kwana: Ɗaliban Mai Wurno da Matsalar Masauki a Jami'o'in Sudan

A shekarun zaman lafiya, idan sakamakon jarrabawar kammala sakandare ya fito a Sudan, gidan da ɗansa ya yi nasara a Mai Wurno yakan cika da guɗa da 'yan barka. Bayan ɗan lokaci sai labarin gurbin karatu ya biyo baya, a ji an ɗauki yaro a Wad Madani, ko Hartum, ko Kasala, ko Damazin. A nan ne murna takan ɗan lafa, domin akwai tambayar da takardar shiga jami'a ba ta amsawa, alhali ita ce ta farko da uwa takan yi: a ina zai riƙa kwana? Idan kuwa 'ya mace ce, sau da yawa amsar wannan tambaya ce ke yanke hukuncin tafiyarta ko zamanta a gida.

Hukumomin ilimi, a Sudan da ma ƙasashen Hausa na yamma, sun saba ɗaukar ɗakin kwanan ɗalibai a matsayin ƙari, abin da za a waiwaya bayan an gama da azuzuwa da ofisoshi da katanga. Wannan lissafi ya dace da ɗan birni, wanda zai hau mota da safe ya dawo gidan ubansa da yamma. Ga ɗan ƙauye kuwa, gurbin karatun da ba ya tare da gurbin kwana rabin alkawari ne. Yanzu da jami'o'in Sudan ke ƙoƙarin komawa harabobinsu bayan ɓarnar yaƙi, ya wajaba a sa masaukin ɗalibai a sahun farko na abubuwan da za a gyara, domin shi ne zai nuna ko 'ya'yan ƙauyukan Jazira da Shuɗin Nilu za su dawo aji tare da kowa, ko za a sake barin su a baya.

Garin da baƙunci ya kafa

Mutanen Mai Wurno sun san darajar masauki fiye da yawancin jama'a, domin da shi tarihinsu ya fara. Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas da jama'a masu yawa, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake wa laƙabi da Mai Wurno, ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka tsira, har suka isa gaɓar Shuɗin Nilu. Sun fara sauka a garin Shaihu Ɗalha a matsayin baƙi, daga baya suka kafa nasu garin kudu da Sinnar kaɗan, wanda ya ɗauki sunan jagoransu. Fulani da Hausawa da sauran mutanen yamma suka ci gaba da kwarara, wasu da niyyar hajji, wasu da niyyar zama.

Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe babban shirin noman auduga na Jazira, mutanen yamma suka zama ƙashin bayan aikin ƙwadago a gonakin. Da yawansu ba su sami gonar kansu a cikin shirin ba, sai suka zauna a unguwannin leburori da ake kira kambo, jam'insa kanabi, inda makaranta da asibiti da ruwan famfo suka yi ƙaranci. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 kuma ta nemi mutum ya nuna kakanninsa suna Sudan tun ƙarshen 1897, sharaɗin da ya ƙuntata wa jikokin waɗanda suka zo bayan Burmi, kafin a sassauta shi daga baya. Idan aka haɗa wannan da ɗari-ɗarin da iyaye suka daɗe suna yi da makarantar Nasara, su da suka baro ƙasarsu don gudun mulkinsa, za a gane dalilin da ya sa 'ya'yan waɗannan ƙauyuka suka shiga boko a makare. Wanda ya shiga tsere a makare kuwa, ƙaramin tuntuɓe ma yana iya fitar da shi.

Halwa da zaure

Ɗalibin Hausa zai amfana da lura da wasu kalmomi a nan, domin suna ɗauke da hujja. A Hausar Kano ko Sakkwato, halwa na nufin keɓewa don ibada. A Larabcin Sudan kuwa, halwa ita ce makarantar allo, kuma da wannan kalma ɗin ake kiran ɗakin saukar baƙi maza a ƙauye. Wato harshen kansa bai raba wurin karatu da wurin kwana ba. Haka zaure yake a ƙasar Hausa: da safe yara na biya allo a cikinsa, da dare baƙo ya shimfiɗa tabarma. Kalmar almajiri ma daga muhajir ta samo asali, mai barin gida don neman ilimi, kuma a halwoyin Sudan har yau akan kira ɗaliban da suka zo daga nesa muhajirai. Manyan halwoyi irin na Ummu Dubban da Wad al-Fadni sun yi suna ne saboda suna ciyar da mai neman Alƙur'ani, suna ba shi makwanci, ba tare da tambayar ƙabilarsa ba.

Wannan fahimta tsohuwa ce ƙwarai. Tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kafa makaranta da masauki a Alƙahira don ɗalibansu da alhazansu. A masallacin Azhar kuma an san ruwaƙai, wato sassan da aka keɓe wa ɗaliban kowace ƙasa su zauna a ciyar da su daga dukiyar wakafi, kuma a cikinsu akwai na Barnawa, akwai na mutanen Sinnar. Magabata sun gane cewa malami da littafi ba sa wadatar da wanda ba shi da inda zai sa haƙarƙarinsa.

Zamanin dakiliyya

Ilimin zamani a Sudan ma da makarantar kwana ya ginu. Kwalejin Gordon da aka buɗe a Hartum a 1902, wadda ta zama Jami'ar Hartum a 1956, da makarantar horon malamai ta Bakht al-Ruda inda su Malam Abubakar Gumi suka yi karatu a tsakiyar shekarun 1950, da sakandaren Hantub da ke ƙetaren kogi daga Wad Madani, duk sun dogara da abin da mutanen Sudan ke kira dakiliyya, wato ɗakunan kwanan ɗalibai. Gwamnati ce ke ɗaukar nauyin gado da abinci. Ɗan manomi daga Kordofan da ɗan attajiri daga Omdurman sukan kwana ɗaki ɗaya, su ci daga akushi ɗaya. Ɗakunan kwanan Jami'ar Hartum, waɗanda ake kira Barakis saboda asalinsu barikin sojan Ingila ne, sun shiga tarihin ƙasar a daren 21 ga Oktoba 1964, lokacin da 'yan sanda suka afka wa taron ɗalibai a wurin, aka harbe ɗalibi Ahmad al-Ƙurashi, zanga-zangar da ta biyo baya ta kawo ƙarshen mulkin Janar Ibrahim Abbud.

Aibin wancan tsari shi ne ƙanƙantarsa. Jami'o'in ƙalilan ne, guraben kaɗan ne, kuma ɗan kambo bai cika kaiwa matakin da zai nemi gurbi ba. Jami'ar Jazira da aka kafa a Wad Madani a 1975, shekarar da aka kafa jami'ar Sakkwato, ta ɗan matso da ilimi kusa da manoma. Babban sauyi ya zo ne bayan juyin mulkin 1989, lokacin da gwamnatin Umar al-Bashir ta shelanta abin da ta kira juyin juya halin ilimi mai zurfi. An buɗe jami'o'i a jihohi, ciki har da ta Sinnar da ta Shuɗin Nilu a Damazin, aka ninka yawan ɗaliban da ake ɗauka, aka mayar da koyarwa zuwa Larabci. A daidai wannan lokaci kuma aka janye ciyarwa da masaukin kyauta, aka cire ɗakunan kwana daga hannun jami'o'i, aka miƙa su ga wani asusun kula da ɗalibai na ƙasa da aka kafa a farkon shekarun 1990. Ɗalibai na kiran wannan hukuma Sanduƙ, kalmar da Hausa ta ara ta zama sanduƙi.

Abin takaici a nan shi ne yadda abubuwan biyu suka zo tare. A shekarun da ƙofar jami'a ta buɗe wa 'ya'yan ƙauyukan Hausawa da Fulani, a shekarun ne aka ɗauke gado da akushin da suka raini waɗanda suka riga su shiga. Nijeriya ma ta bi irin wannan hanya. A 1978, ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibai na yini ya haddasa boren da aka yi wa Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya, aka rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya, kuma cikin 'yan shekaru ciyarwar jami'a ta zama labari. Ɗalibin Kano ko Zariya da ya taɓa raɓewa a gadon abokinsa ba ya bukatar dogon bayani kafin ya fahimci halin takwaransa na Wad Madani.

Wa nauyin ya faɗa wa?

Idan gadaje suka yi kaɗan, akan ce ɗalibi ya sauka wurin dangi ko ya kama haya. Maganar tana da sauƙin faɗa, amma ba kowa ke da kawu a birni ba. Iyalan da suka daɗe cikin aikin gwamnati da kasuwanci suna da gidaje a Hartum da Madani. Iyalin da ya shekara ɗari yana cirar auduga ko noman dawa a bakin kogi, danginsa suna ƙauye irin nasa. Haya kuma kuɗi take ci kowane wata, alhali manomi sau ɗaya yake ganin kuɗi a shekara, bayan girbi. Sai yaro ya shiga aikin gini ko tuƙin keke mai ƙafa uku don ya biya ɗaki, ya zo aji a gajiye, ya rayu da bosh, wato gutsattsarin burodi da aka jiƙa da ruwan dafaffen wake, wanda ya zama sanannen abincin ɗaliban Sudan.

Lamarin 'ya mace ya fi tsanani. Uban da ya yarda 'yarsa ta yi sakandare a gari, yana ganin fitarta da dawowarta, da wuya ya yarda ta kama ɗaki ita kaɗai a birnin da bai san kowa ba. Abin da zai kwantar masa da hankali shi ne gida mai katanga da mai gadi da uwar ɗaki da ƙa'idar shiga da fita. Inda babu wannan, ba a cewa an hana yarinya karatu, akan dai ce ta dakata zuwa baɗi, kafin baɗin kuma an ɗaura aure. Ƙauyen da ke kukan rashin likita mace da malama da ungozoma mai horo, a wannan gaɓa ce yake rasa su.

Samun gadon ma bai zama kariya ba idan yana hannun wanda zai iya ƙwace shi don siyasa. A zamanin mulkin al-Bashir ɗalibai sun sha kokawa cewa rabon ɗakuna na bin ra'ayin jam'iyya mai mulki, kuma akan rufe ɗakunan kwana da zarar an fara zanga-zanga. A watan Oktoba na 2014, cikin hutun babbar salla, jami'an tsaro suka fitar da ɗalibai mata 'yan Darfur da ƙarfi daga gidan kwana na Zahra a Hartum. Ɗan birni idan an rufe ɗaki gida zai koma. Wanda garinsu ke nesa, kan titi zai kwana.

Ɗakin kwana da harshe

Akwai wata fuskar da ta shafi masu nazarin Hausa kai tsaye. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Hartum ya wallafa nazari a 1986 kan yadda Fulatanci ke rusunawa ga Larabci a Sudan, ya kuma yi irinsa kan Hausa a 1999. Yaron da ya tashi a Mai Wurno ko wani ƙauyen Hausawa na Jazira yakan bar gida da harshe biyu ko uku. A aji Larabci zai yi, wannan ba abin musu ba ne. Ɗakin kwana ne wurin da zai yanke shawarar abin da zai yi da harshen uwarsa. Idan ya tarar sunan Fallata, wanda ake kiran duk mutanen yamma da shi, abin zolaya ne a bakin abokan ɗakinsa, zai rage murya in mahaifiyarsa ta kira shi a waya. Idan kuwa ya tarar da wuri mai mutunci, inda ɗan Nuba da ɗan Beja da ɗan Fur kowa ke magana da nasa ba kunya, shi ma zai saki baki, har ya gaya wa abokansa cewa agashen da suke layin saye da yamma sunansa Hausa ne, daga naman da aka ce a gashe.

Rikicin da ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu a watan Yuli na 2022, ya sake tashi a Oktoba, tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin kan ƙasa da sarauta, ya ci ɗaruruwan rayuka ya raba dubbai da gidajensu. Ɗakin kwanan ɗalibai ba zai warware rikicin ƙasa ba. Sai dai yana cikin wurare ƙalilan da saurayi Bahaushe da saurayin Berta ko Hamaj za su shekara huɗu suna cin abinci tare, suna aron sabulu da littafi, kafin su zama alƙalai da hakimai da jami'an da za a kawo wa irin wannan ƙara. Ƙasar da ke neman haɗin kan jama'arta ba ta da makarantar da ta kai wannan araha.

Bayan ɓarnar yaƙi

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya rutsa da ɗalibai a cikin harabar Jami'ar Hartum, suka yi kwanaki ba hanyar fita, har aka binne ɗaya daga cikinsu a wurin bayan harsashi ya same shi. Ɗaliban Nijeriya, da yawansu Hausawa masu karatu a Jami'ar Afirka ta Duniya, an kwashe su a motoci zuwa iyakar Masar da tashar Port Sudan. Waɗanda suka gudo daga Hartum suka cika makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai a Wad Madani, har ita ma ta faɗi a Disambar 2023, aka wawashe Jami'ar Jazira. A ƙarshen Yunin 2024 Sinja ta faɗi, Mai Wurno ta sami kanta tsakanin Sinja da Sinnar da aka yi wa ƙawanya. Sojoji sun karɓe Sinja a Nuwambar 2024, Wad Madani a Janairun 2025, Hartum kuma a Maris na wannan shekara.

Masu cewa masauki ya jira suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Ta farko ita ce kuɗi: baitulmali ya bushe, ɗakunan gwaje-gwaje sun zama kango, malamai sun watsu a Masar da ƙasashen Larabawa. Gaskiya ne, amma gyaran rufi da famfo da banɗaki da sayen gadaje bai kai tsadar na'urorin kimiyya ba, kuma ɗakin gwajin da aka gyara wa 'yan birni kaɗai ya mayar da ƙasar tsarin da ya haifi ƙorafin yankuna tun farko. Ta biyu ita ce karatu ta intanet, wanda jami'o'i suka jingina da shi lokacin yaƙi. Ya yi amfani a matsayin maganin wucin gadi, sai dai yana bukatar lantarki da waya mai kyau da kuɗin data, abubuwan da ɗan kambo ya fi kowa rashinsu, kuma ba a koyon aikin likita ko injiniya ta allon waya. Ta uku, wadda ba a cika furtawa ba, ita ce tsoron taruwar matasa wuri ɗaya, saboda an san abin da ya fito daga Barakis a 1964. Gwamnatin da ke tsoron ɗalibanta, gyaran mulkinta ya kamata ta yi, domin watsa su cikin unguwanni bai hana boren 2018 da 2019 ba.

Abin da ya kamata a yi a bayyane yake. Duk jami'ar da za ta sanar da komawa karatu, ta sanar da yawan gadajen da ta tanada a takarda ɗaya. Rabon gado ya bi nisan gida da ƙarfin aljihun iyaye, a lissafin da kowa zai iya gani, a kuma fara da ɗalibai mata. Jami'a da wakilan ɗalibai su sami murya a gudanar da ɗakunan, kada a bar su ga hukumar da ke nesa da aji. Iyalan da yaƙi ya tilasta wa fakewa a ɗakunan kwana a sama musu matsuguni kafin a ce su tashi, domin ba a gyara zalunci da wani zaluncin.

Al'umma ma tana da nata kason, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masarautar Mai Wurno, da 'yan kasuwa da masu motocin sufuri, da 'ya'yan garin da ke aiki a Saudiyya da sauran ƙasashe, suna iya sayen gida ɗaya a Wad Madani, ɗaya a Sinnar, su mayar da su wakafi ga ɗalibai, manoma kuma su riƙa aika buhun dawa bayan girbi kamar yadda ake yi wa halwa. Attajiran Kano da Sakkwato da ke gina masallatai a ko'ina suna iya tunawa da 'yan'uwansu na gabas. Sharaɗi ɗaya ne ya kamata a kiyaye: irin wannan gida ya karɓi duk ɗalibin da ya zo daga nesa ba shi da kowa, Bahaushe ne ko ba Bahaushe ba. Kakannin mutanen Mai Wurno sun iso bakin Shuɗin Nilu a gajiye bayan Burmi, mutanen Shaihu Ɗalha suka sauke su. Jikokinsu ne suka fi cancanta su buɗe wa ɗalibi baƙo ƙofa, su kuma nemi hukuma ta yi wa 'ya'yansu haka.